Abin da Sa'adatu Ta Faɗa a Zaure

Da la'asar Luƙman ya shigo gari, ba ta hanyar mota ba, ta cikin gonaki, ganyen gero yana dukan babur ɗinsa hagu da dama. Matarsa Nazifa tana bayansa, an ɗaure ta da zane a ƙugunsa kamar goyo don kada ta faɗo. Ƙafarta ta hagu tana lilo. An naɗe ƙwaurin da tsumma, tsumman ya jiƙe har ya yi baƙi.

Yayarsa Sa'adatu ce ta kwance zanen. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, duk wani aiki mai wuya na gidan ya zama nata ba tare da an yi shawara da ita ba. Ta tallabo yarinyar, ta ji tana kakkarwa.

"Mi yas same ta?"

"Hwaɗuwa tay yi," in ji Luƙman, idonsa a kan tayar babur.

Ƙauyen yana ƙasar Tibiri, kuma iyaka ba ta da nisa. Mutanen nan da na ƙetare harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, rabinsu ma dangin juna ne. Can ƙetaren iyaka, ƙasar Kabi, Luƙman yake gyaran babura, can ya ga Nazifa ya aura, can suke zaune.

A ɗaki Sa'adatu ta warware tsumman. Ƙashin ya karye, fata ta yage, ana hango fari daga ciki. Ta ɗaga hannuwan yarinyar ta ga shatin ƙarfe a bayan kowanne. Ba ta yi karatun likita ba, amma ta san wanda ya faɗi tafin hannunsa yake gurjewa, wanda ya kare kansa kuwa bayan hannunsa ne yake shan duka.

"Da mi?" ta tambaya a hankali.

"Ƙarhen cire taya, Yaya," in ji Nazifa. "Icce yaj jiƙe da ruwan sama, tuwo bai sauka da wuri ba. Maƙwabta sun ji kukana sunka tahi kiran ƴan sanda. Shi na yaɗ ɗauko ni kahin su iso."

Sa'adatu ta fito ta sami mahaifinsu, Baba Mani, zaune a kan tabarma, Inna a gefe, Luƙman ya sunkuyar da kai. Ta ce a kai yarinyar nan asibitin Dutsi tun da sauran rana.

Baba Mani ya dube ta kamar ta ce a cinna wa rumbu wuta. "Ki kai ta likita, su tambaya, su kira jandarma? Ke kina da hankali? Ɗan sandan can, ikonai ya ƙare ga dutsen iyaka, ba shi taka ƙasag ga. Allah ya riga ya rufa muna asiri, ke kuma ki tona?"

Aka kira maɗori daga wata tunga. Tsohon ya duba raunin ya girgiza kai, ya ce karaya mai buɗaɗɗen baki ba ya son ta. Baba Mani ya ja shi gefe suka yi magana. Tsohon ya dawo ya ja ƙafar, Nazifa ta yi ƙara har kaji suka watse, ya jera karare ya ɗaure tam da tsumma. Ya tafi bai tsaya shan furar da aka dama masa ba.

Kafin gari ya waye Inna ta samo wa maƙwabta labari. Wai yarinyar ta bi ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, aljana doguwa ta make ta. A Arewa ba a gardama da doguwa. Mata suka riƙa shigowa suna tafa hannu, suna cewa Allah ya kiyaye gaba. Doguwa dai tana shan ƙazafi a ƙasar nan. Da tana da inda za ta kai ƙara, da gidaje masu yawa sun amsa kira.

Ba a jima ba mahaifin Nazifa, Malam Nuhu, ya ƙetaro. Dattijo ne siriri mai ƙaramar murya. Aka tarbe shi da duk ladabin da ake yi wa suruki: tabarma sabuwa, ruwan randa, fura da nono. Aka shigar da shi ya ga ɗiyarsa, Inna tana zaune a kanta tana yi mata fifita. Nazifa ta dubi ubanta, ta dubi surukarta, kunya ta ɗaure mata harshe, hawaye kawai yake zuba. Da ya fito ya ce zai tafi da ita gida.

"Haba Malam," in ji Baba Mani, "ɗauri ba shi son motsi. Ai ɗiyarmu ta. In ta ji sauƙi ni da kaina zan kawo ta."

"Maƙwabta sun hwaɗa min abin da sunka ji."

"Maƙwabta ba su raba faɗa, sai su haɗa. Tsakanin miji da mata sai Allah."

Malam Nuhu ya riga ya je wajen ƴan sandan garinsu, sun ce masa in Luƙman ya sake tako ƙasarsu za su kama shi, amma ba su da ikon bin sa zuwa wata ƙasa. Saboda haka daga gidan surukansa ya wuce ofishin jandarma. Can aka saurare shi da kyau, aka ce masa laifi ne da aka yi a ƙasar waje. Kafin su taɓa yaron, ko dai hukumar can ta aiko da buƙata ta hannun manya, abin da yake ɗaukar lokaci, ko kuma ita mai raunin ta faɗa da bakinta cewa tana ƙara. Aka haɗa shi da wani jandarma mai suna Célestin su je su ji daga gare ta.

Célestin ɗan Dutsi ne, Kirista, amma cikin Musulmi ya girma, ya san inda baƙo yake tsayawa a gidan mutane. Da suka iso da hantsi ya yi sallama ya tsaya a zaure. Luƙman tuni aka tura shi gona ta bayan danga.

"Shef, barka da zuwa," in ji Baba Mani. "Amma gidana ba a shiga. Shi kuwa wanga da yak kai ni ƙara, bai sake taka min tsakar gida."

Célestin ba shi da takardar shiga gida, kuma ba ya son a ce Kirista mai kaki ya kutsa kan matan Malam Mani. Ya ce to, a samo masa mace ɗaya ta gidan, mai gaskiya, ta shiga ta tambayi marar lafiya ta kawo masa amsa. In ta ce tana son ganinsa, zai shiga ko da an hana.

Mutanen da suka taru a ƙofar gida suka ce ai Sa'adatu. Kowa a garin ya san ba ta ƙarya. Aka kira ta, ta durƙusa a bakin zaure, Célestin ya faɗa mata saƙon dalla-dalla, ta tashi ta shiga.

Nazifa ta riga ta ji muryar ubanta. Ta yunƙura ta kama hannun Sa'adatu.

"Yaya, ki ce shi shigo. Ki ce mai Luƙman na yad doke ni. Ki ce ina son a kai ni likita, ƙahwag ga ta hwara mutuwa, ban jin yatsuna."

"To," in ji Sa'adatu.

Ta fito da niyyar faɗa, Allah ya sani. Amma tsakanin ɗakin da zaure akwai tsakar gida, kuma a tsakar gidan Inna tana tsaye kusa da turmi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu ta kama ƙirjinta.

"In kinka buɗe baki sunka tahi da ɗana, ban yahe miki nonon da kinka sha ba. Duniya da lahira."

Sa'adatu ta tsaya. Ita ta goyi Luƙman tun yana jariri, ita ta tauna masa abinci, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Ta hango shi da ankwa a hannu a bayan mota. Ta tuna kuma ba ta da wani gida a duniya ban da wannan. Ƙafafunta suka kai ta zaure, ta durƙusa, ta kafa ido a ƙasa.

"Tac ce hwaɗuwa tay yi. Tac ce ba ta da ƙara."

"Ta ce in shigo?" in ji Célestin.

"Tac ce a'a."

Malam Nuhu ya matso. "Ɗiyata tac ce haka? Ta san ina nan?"

"Ta sani, Baba."

Dattijon ya tsaya kamar an watsa masa ruwa. Ya bar gonarsa, ya ƙetaro iyaka, ya zubar da girmansa a ofis, ga shi ɗiyar ta zaɓi mijinta ta ƙaryata shi a gaban jama'a. Ya gyara hularsa ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ya juya ya tafi bai waiwaya ba, kuma bai sake zuwa ba.

Da Sa'adatu ta koma ɗaki, Nazifa tana jiran ta da ido.

"Kin hwaɗa mai?"

"Na hwaɗa. Yac ce za su dawo da mota."

Wannan ƙaryar ta biyu ta fi ta farko saurin fitowa, kuma ita ta fi cin Sa'adatu. Daga ranar Nazifa ta zama mai sauraron hanya. Ko ƙarar injin niƙa ta ji sai ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, ba su na ba?" Sa'adatu ta ce ba su ba ne, wataƙila gobe.

Yatsun suka kumbura, suka yi shuɗi, suka koma baƙi. Zazzaɓi ya zo ya zauna. Sannan wari ya fara, da farko sai an matso, daga baya tun daga bakin ƙofa. Inna ta kawo kasko ta riƙa zuba turare, tana gaya wa masu zuwa dubiya wai doguwa ce ake kora. Ƙudaje dai ba su yarda da labarin ba, suka cika ɗakin.

Kowace safiya Sa'adatu tana zuwa wajen Baba Mani, kowace safiya yana da amsa. Yau jaki yana gona, ana maimai, ba a raba shi da aiki. Gobe ruwa ya cinye hanya, amalanke ba ya wucewa. Jibi a bari maɗori ya dawo ya duba, ai shi ya san aikinsa. Da ta matsa sai ya ce, "Ke kinka hwaɗa wa jandarma hwaɗuwa ta. In anka kai ta likita tat tona, da ke za a kama." Sai ta koma ɗaki, don gaskiya ya faɗa.

Luƙman kuwa bai taɓa leƙa ɗakin ba. Yana cin tuwonsa a zaure, yana zuwa masallaci a sahun gaba. Sau ɗaya Sa'adatu ta tare shi a bakin rijiya ta ce ya zo ya ga abin da hannunsa ya yi.

"Yaya, Shaiɗan na," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi ban yi niyya ba. Ni ma ban barci. In na gan ta zuciyata ba ta ɗauka."

Shi ke nan, shi ma ya zama abin tausayi. Inna har kaza ta yanka masa don ya rame.

Sa'adatu ta daina cin abinci. In ta kai loma baki sai warin ya taso mata, ko tana gona. Ta zuba duk ƙarfinta a jinya, kamar jinya za ta goge abin da ta faɗa a zaure. Ta dama kunu, ta wanke zannuwa, ta kori ƙudaje, ta ɗauki yarinyar ta kai ta bayan gida ta dawo da ita. Kuma babu abin da ya fi yi mata zafi irin godiyar Nazifa.

"Yaya, ba ni da kowa gidan ga sai ke. Ko Babana ya yasshe ni. Allah shi saka miki."

Sa'adatu takan fita bayan rumbu ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya, sai ta ga idon yarinyar a kan ƙofa, ta fasa. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ita ma ta san tsoro ne.

Da baƙin ya wuce idon sawu ya kama ƙwauri, Nazifa ta fara surutai, tana kiran uwarta, tana magana da mutanen da ba sa nan. Maƙwabta suka daina shigowa, suka koma magana a bakin rijiya. Nan ne Baba Mani ya ga in yarinyar ta mutu a gidansa, maganar za ta fi ƙarfin turare. Ya yanke shawara a kai ta asibiti, amma da tsari. Sai Luƙman ya fara barin gari tukuna. Aka ce ci-rani zai je Kwatano, ana tsakiyar damina, lokacin da ko malalaci yana gona. Aka zauna ana jira, Nazifa tana nishi a ɗaki. Sai da ya bugo waya ya ce ya haye gadar Gaya ya shiga ƙasar Benin, sannan Baba Mani ya ce a ɗaura wa jaki amalanke. Ranar ba a ce jaki yana gona ba.

Sa'adatu ce ta raka ta. Amalanke ya kai su bakin kwalta a Kore Mairuwa, mota ta kai su Dutsi. Da likita ya kwance ɗaurin, wata ma'aikaciya ta juya ta fita da sauri. Likitan ya tambayi Sa'adatu tun yaushe, ta faɗa. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likitan ya ce da an kawo ta tun farko, da ƙafarta biyu za ta koma gida.

Likitan ya sanar da hukuma. Da Nazifa ta dawo hayyacinta, Célestin ya zo, kuma ya aika an kira Malam Nuhu. Dattijon ya shigo ya ga inda zane ya kwanta shafe a kan katifa, ya dafa bango. Sa'adatu tana zaune a ƙasa da kwanon kunu a hannu.

Célestin ya ja kujera. "Madam, sannu da jiki. Ina son in tambaye ki. Ranar da munka zo, mi yas sa kinka ce ba ki da ƙara? Don mi kinka hana ni shiga?"

Nazifa ta dube shi ba ta gane ba. "Ni? Ni nac ce ka shigo. Nac ce a kai ni likita. Ku na kunka ce za ku dawo da mota." A hankali ta juyo da kanta. "Yaya, kin ce kin hwaɗa mai."

Sa'adatu ta ajiye kwanon. Babu Inna a nan, babu turmi, babu wanda zai kama ƙirji. Ta faɗi komai, tun daga ƙarfen cire taya har wayar da aka jira daga gadar Gaya. Ba ta nemi a yafe mata ba, don ta ga ba ta da bakin nema.

Malam Nuhu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da babbar rigarsa. "Ina can ina hushi da ɗiyata," ya ce, "ita tana nan tana ruɓewa." Célestin ya rubuta ƙarar har ƙarshe, Nazifa ta dangwala yatsa. Da aka tambaye shi yaushe za a kama Luƙman, ya ce yanzu ƙasa ta uku ce, sai an bi ta hannun manya, ba zai yi musu alkawarin rana ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, kamar da kansa yake, da ya sani da ya shiga.

Yanzu in an zauna a ƙauyen ana maganar, iyaka ake zagi. Wai da ƴan sandan can suna da ikon ƙetarowa, da an kama shi tun ranar. Gaskiya ne, kuma ya kamata manya su gyara, don ba daidai ba ne mutum ya karya mace a wannan gona ya tsallaka waccan ya zama marar laifi. Amma ni abin yana ba ni haushi, don ba iyaka ce ta kira maɗori ba. Ba ita ta ƙona turare ba, ba ita ta ce jaki yana gona ba. Hukuma ta zo har ƙofar gida da ƙafarta. Uban miji da uwarsa da yayarsa suka tsaya tsakaninta da yarinyar da take kuka, maƙwabta suna jin wari suna cewa doguwa. Baba Mani har yau shi yake raba gardama a unguwa, Inna tana gaya wa mutane ɗanta yana can yana neman halaliyarsa.

A asibiti kuwa, Malam Nuhu ya ce Sa'adatu ta fita, kada ya sake ganin ta. Amma ɗakin mata ne, ba a barin namiji ya yi jinya, kuma uwar Nazifa ba za ta iso ba sai washegari. Dole aka bar ta. Ta koma ta zauna a ƙasa a gindin gadon. Nazifa ta juya fuska bango, ba ta sha kunun ba har aka yi azahar aka yi la'asar.

Can Sa'adatu ta ji murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya."

"Na'am."

"Tahin ƙahwata na ƙaiƙai. Ta hagun. Sosa min."

Sa'adatu ta miƙa hannu. Babu komai a wurin sai zane da katifa. Ta dubi bayan yarinyar, ta sa farce ta fara sosa katifar daidai inda ƙafar ya kamata ta kasance.

"Ƙasa kaɗan," in ji Nazifa.

Ta matsa ƙasa kaɗan.